Gandun Iyali Shi Ke Ciyar da Gari: Darasi Daga Maraɗi Zuwa Kano

   Yau shirinmu na faɗakarwa zai leƙa gonar gandu, wadda magidanci ke nomawa da ƙannensa da 'ya'yansa, ya kuma duba irin tallafin da aka gwada a ƙasar Hausa aka ga amfaninsa da ido, tun daga Maraɗi da Damagaram har zuwa Katsina da Kano.

Duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau da ke bakin Kano zai ga buhunan gero da dawa da wake da riɗi an jibge su har rufin shago, manyan motoci na lodi zuwa Legas, wasu zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Mai kallo zai iya zaton daga wasu manyan gonaki aka kwaso su. Amma da za a bi sawun buhu guda a koma da shi inda ya fito, sai a tarar a kasuwar ƙauye aka haɗa shi, wannan ya kawo kwano biyar, waccan ta kawo tiya uku, dillali ya tattara ya ɗinke baki. Gonakin da hatsin ya fito ciki galibi hekta ɗaya ne zuwa uku, da fartanya da garmar shanu ake noma su.

Haka abin yake a duniya ma. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa sama da kashi 90 cikin 100 na gonakin duniya a hannun iyalai suke, kuma su ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na abincin duniya idan aka auna da darajar kuɗi. Shi ya sa Majalisar ta ware shekarar 2014 ga noman iyali, daga baya ta ware shekaru goma cur, daga 2019 zuwa 2028.

To, idan gandu ne ke ciyar da gari, me ya sa mai gandun ne kan fara jin yunwa?

Shekarar 2005 ta ba da amsa mai ɗaci. Bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango da suka taɓa daminar 2004, Nijar ta shiga matsin abinci. Abin da ya ba ma'aikatan agaji mamaki shi ne inda lamarin ya fi tsanani ga yara: jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasar. Hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Buhun gero mai kilo 100 ya doshi jika 30 na sefa a wasu kasuwanni a tsakiyar damina, alhali da kaka manomi ya sayar da shi da arha don ya biya bashi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, akasarinsu a yankin Maraɗi. Darasin da aka ɗauka shi ne, gandu yana yin asara a wurare uku: a ƙasar da ta gaji, a rumbun da ƙwari ke ci, da kuma a kasuwar kaka. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai maganin da manoma da kansu suka gwada.

Sai a fara da ƙasa.

A farkon shekarun 1980, wanda ya bi hanya daga Maraɗi zuwa ƙauyuka zai ga gonaki fayau, da ƙyar ake samun inuwar da za a ɗaure jaki. Fari ya ci wasu itatuwan, gatari ya ci wasu, kuma an koya wa manomi cewa gonar kirki ita ce wadda aka sassabe ƙal. Iskar farkon damina takan taso da rairayi ta binne shukar gero, sai an yi binne biyu ko uku kafin ta kama. Mata kuwa sai su yi tafiya mai nisa neman makamashi, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, waɗanda da su ne za su zama takin gona.

Wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya yi ta rabon dashe yana gani yana mutuwa. A 1983, ya tsaya a hanya don rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen gona. Da ya duba ganyen, sai ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Irin waɗannan kututture kuwa sun cika gonakin yankin: kalgo, sabara, magarya, aduwa, gawo. Kowace shekara suna tohowa, kowace shekara ana sassabe su.

Dabarar da ta fito daga nan ita manoman Maraɗi ke kira sassaben zamani. Manomi zai zaɓi kututturen da yake so, ya bar rassa mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi, ya riƙa yi musu aski lokaci-lokaci. Tun da saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, itacen ba ya neman ban ruwa, kuma cikin 'yan shekaru sai ya wuce tsayin mutum. Rassan da aka datse su ne makamashin uwargida.

Ba a karɓi abin da sauƙi ba. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, aka ce wanda ya bar itace a gonarsa zai samu tallafi. Da rabon ya ƙare, mafi yawan mutane suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci: iska ta rage binne shuka, ganye ya zuba ya zama taki, ga itacen sayarwa, ga abincin awaki da rani. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, ƙauye ya gani ya ɗauka.

Akwai kuma wani cikas da ya fi fari ƙarfi, wato doka. Tun zamanin mulkin Faransa, itace na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonar mutum ya tsiro, kuma jami'in gandun daji na iya cin manomi tara don ya sari reshe. Wa zai yi wahalar renon abin da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa tara? Sai da aka sassauta wannan riƙo, manomi ya tabbata itacen da ya rena shi zai ci moriyarsa, sannan aikin ya bazu. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun taimaka, kuma a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, abin da ke ƙara wa ƙasar wajen tan 500,000 na hatsi a shekara. A yankin Magarya da Matamaye da Mirya, gawo ne ya mamaye gonaki. Manoma sun san halinsa tun kaka da kakanni: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya yi ganye ya zubo 'ya'ya ga dabbobi, dabbobin su kwanta a inuwarsa su bar taki. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, jama'a sun kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa maza da mata da Fulani makiyaya, don kada wani ya rena wani ya zo da dare ya sare. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya shahara wajen farfaɗo da matacciyar ƙasa.

Dabarar Sawadogo ma ta iso ƙasar Hausa. A 1989 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa suka kai ziyara yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a kan fako, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki, gara ta huda ƙasa ta buɗe masa hanya. Da suka dawo gida suka gyara tasu tsohuwar dabarar ta tassa a kan wannan tsari. Fakon da a da ko kyauta ba mai so, sai ga shi ana saye ana sayarwa a wajen Badagishiri, saboda ya koma ba da gero.

A ɓangaren Najeriya, karkarar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe tana ba masana mamaki. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin yadda ƙauyukan nan masu cunkoson jama'a ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Asirin yana cikin haɗin gona da turke. Ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda. Harawa da kara su tafi ga tumaki da awaki, takin turke ya dawo gona a mangala, har da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa. Kuka da ɗorawa da tsamiya suna tsaye a gona, kowace da mai ita. Duk mai son tallafa wa irin wannan manomi, akuyar da zai ba matarsa ta kiwo tana cikin tallafin gona.

Takin zamani kuwa, tsadarsa ta sa manomi da yawa sun haƙura da shi. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ba sai an watsa buhu-buhu ba. Giram 6 na NPK, wato cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, abin da yatsu uku za su ɗauka, idan aka sa a ramin shuka, yana ƙara amfanin gero da dawa. A gwaje-gwajen da aka yi a gonakin manoma a Nijar da Mali da Burkina Faso, ƙarin ya kama daga kashi 44 zuwa 120 cikin 100. Sharaɗin shi ne a samu shagon ƙauye mai sayar da taki na gaskiya a ƙananan ƙulli, daidai aljihun talaka, kuma a haɗa shi da takin gargajiya.

Masu sauraro, wannan ke nan game da ƙasa. Sai rumbu.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Amma kowace uwargida ta san abin da ke faruwa da wake bayan wata biyu ko uku a buhu: ƙwaro ya huda shi, ya koma gari da wari. Tsoron haka ke sa manomi ya rabu da wakensa tun da kaka, a lokacin da ya fi arha. Wanda ya ce zai ajiye kuma, sau da yawa sai ya zuba masa fiya-fiya ko wani maganin da ba a yi shi don abinci ba. Illar ba ta tsaya a cikin gida ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Maganin da ya fito bai ƙunshi guba ko kaɗan ba. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru, sun gano cewa ƙwaron wake ba ya rayuwa in babu iska. Daga nan aka ƙera buhun PICS mai rufi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A busar da wake sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Cikin 'yan kwanaki ƙwaron zai daina ci, ya daina haihuwa. Daga 2007 aka fara yaɗa shi a ƙauyukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, masana na cibiyar INRAN a Maraɗi suka gwada shi, kuma a Kano ake ƙera shi. Hanyar da aka bi wajen gamsar da jama'a ita ce ta gani da ido: a ɗaure buhu a gaban mai gari, a dawo bayan wata huɗu ko shida a kwance a bainar jama'a, kowa ya sa hannu ya duba. Buhun yana yin shekara fiye da ɗaya muddin ledar ba ta huje ba, don haka a nisanta shi da ɓera da kaifin ƙusa.

Sai dai buhu mai kyau ba ya hana mai bin bashi sallama. Wannan ya kawo mu ga wuri na uku, kasuwar kaka.

Da an yi girbi, buƙatu kan taso wa magidanci gaba ɗaya: bashin da ya ci da damina, kuɗin makaranta, auren 'ya, maganin mara lafiya. Wani ma tun hatsi na tsaye a gona ya karɓi kuɗinsa a hannun ɗan kasuwa. Kowa ya kai kasuwa a mako guda, farashi ya faɗi. Da watan Yuli da Agusta suka zo, rumbu ya yi ƙasa, sai mutumin nan ya koma sayen hatsi da tsada, ya bar gonarsa ba a yi mata maimai ba ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samo abin awo. Gonar da ba a nome a kan lokaci ba kuwa ba ta cika rumbu, sai baɗi a sake komawa gidan jiya.

A Nijar, wani shirin FAO da ya fara a 1999 ya yaɗa tsarin jinginar hatsi. Ƙungiyar manoma za ta tara amfaninta a sito guda, a sa kwaɗo biyu. Makulli ɗaya na hannun ƙungiya, ɗaya na hannun asusun ba da rance, ba mai iya buɗewa shi kaɗai. Asusun zai ba kowane manomi rancen da ya kai kaso mafi yawa na darajar hatsinsa a farashin kaka. Da kuɗin zai biya buƙata, ya yi kiwon rago ko noman rani ko ƙaramar sana'a. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe sito, ya ɗauki hatsinsa lokacin da ya yi daraja: ko ya ci, ko ya sayar ya sayi iri da taki. Tsarin yana da haɗarinsa, domin akwai shekarar da farashi ba ya tashi, kuma in shugabannin ƙungiya ba su da amana komai zai rushe. Inda aka riƙe amana, hatsin ƙauye yana kwana a ƙauye har zuwa lokacin da aka fi buƙatarsa.

Mata ma sun buɗe tasu hanyar. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, a kan tsohuwar al'adar adashi. Mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya a akwati, su ranta wa junansu, ƙarshen zagaye su raba. Ba kuɗin waje a ciki. Wannan tsari da aka haifa a ƙauyukan Hausawa shi ne ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Da irin wannan kuɗi mata ke sayen gyaɗa su yi mai da ƙuli-ƙuli, su daka daddawa, su sari zogalen da ake nomawa a fadamun Jiratawa. Amma akwai abin damuwa: yayin da iyali ke ƙaruwa gona na tsukewa, a ƙauyuka da yawa na kudancin Maraɗi gayaunar mace ce ake fara karɓewa. Alhali abin da ta noma a wannan ɗan fili, kuɓewa da yakuwa da wake, shi ne ke shiga tukunyar yara kai tsaye.

Jama'a masu sauraro, idan aka jera waɗannan misalai za a ga abin da ya haɗa su. Kowannensu mai arha ne, manomi na iya gwada shi a gefen gona kafin ya amince, kuma ribar tana tsayawa a hannunsa. Inda aka ba shi iko da itacensa, da makullin sitonsa, aka ba mace iko da akwatin adashinta, aikin ya ɗore bayan masu tallafi sun tafi. Inda aka mayar da shi mai jiran rabo kawai, aikin ya tsaya ranar da rabon ya tsaya.

Wannan bai sauke wa hukuma nauyinta ba. A Maputo, a 2003, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga aikin gona, suka sabunta shi a Malabo a 2014. Nijar na cikin ƙasashe ƙalilan da suka taɓa cika wannan alkawari, kasafin tarayyar Najeriya kuwa ya daɗe yana ƙasa da shi nesa ba kusa ba. Akwai ayyukan da manomi ba zai iya yi wa kansa ba: hanyar da za ta fitar da tumatirin Kadawa da albasar Galmi kafin su ruɓe, malamin gona da zai zo ƙauye, hukumar da za ta kama mai sayar da jabun taki da jabun iri. Sama da duka akwai tsaro. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, da Madarunfa da Gidan Runji a tsallaken iyaka, 'yan bindiga sun raba dubban iyalai da gonakinsu, wasu sai sun biya haraji kafin su yi shuka ko girbi. Rufe iyakar Najeriya da Nijar da aka yi daga 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sun nuna yadda kasuwannin Jibiya da Maigatari da Illela da Ƙonni suke dogare da juna.

Gwamnati kuma babbar mai saye ce. A ƙasar Burazil, dokar 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta wajen sayen abinci daga gonakin iyali. Najeriya ta ƙaddamar da nata shirin ciyar da ɗalibai da abincin gida a 2016. Da makarantun kwana da asibitoci da gidajen gyaran hali na jihohi za su riƙa sayen gero da wake kai tsaye daga ƙungiyoyin manoman yankinsu, su biya a kan lokaci, da manomi ya san mai sayen amfaninsa tun kafin ya yi shuka.

Kiran wannan shiri ga manoma shi ne, a sassaben bana a bar kututture ko da goma ne a gona, a rene su. A adana wake ba tare da guba ba. A shiga ƙungiya, a zaɓi shugabanni masu amana, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa. Magidanta su bar wa mata gayaunarsu. Masu unguwanni da dagatai da hakimai su tsaya a kan dokar itace da burtali, su zaunar da manomi da makiyayi tun kafin kaka. Mazauna birni su nemi gero da dawa da wake da man gyaɗa na gida, su biya farashin adalci. 'Yan majalisa da gwamnoni kuma, jama'a su tambaye su nawa aka ware wa noma a kasafin bana, nawa ne ya isa ƙauye.

A nan za mu dasa aya a shirin na yau. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo zaman lafiya a karkararmu.